Ƙafar bado: wace irin uwa ce za ta karya ƙafar 'yarta?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun daren jiya wani abu ya tsaya mini a rai. Ƙanina Aliyu, wanda yake karatu a Kunming ta ƙasar Sin (yana nan cikin zauren), ya turo mini hoton wani takalmi da ya gani a gidan adana kayan tarihi. Ja ne, na siliki, an zauna an yi masa ado da zare, ga furanni ga ɗan tsuntsu a gefe, bakinsa da tsini kamar barkono. Na ce kai, wannan na wace jaririya ce? Ya ce Yaya, na matar aure ne. Tsawonsa bai wuce santimita 10 ba. Cikin daren nan na tashi na ɗauko tef ɗin ɗinkina na auna takalmin makarantar Ilham, wadda ba ta cika shekara shida ba, na samu 18. Na daɗe zaune a bakin gado ina kallon ƙafarta tana barci.

Abin da ya fi ci mini rai, ya ce ɗaure ƙafar yarinya ake yi tun tana ƙarama don kada ta girma, kuma uwa ce take yi wa 'yarta da hannunta. Wace irin uwa ce wannan? Masu sani don Allah ku fahimtar da ni.

Sista Rabi:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Bari in faɗi yadda ake yi, amma mai raunin zuciya ya yi haƙuri. Ana farawa ne yarinya tana tsakanin shekara 4 zuwa 9, lokacin ƙashi bai gama ƙwari ba. Icce tun yana ɗanye, kamar yadda muke cewa, sai dai nan ƙafar mutum ce. Yawanci cikin sanyi ake somawa, don ƙafar ta ɗan yi sanyi ta rage jin zafi. A jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da magunguna, a yanke farce ƙasa-ƙasa, sannan a lanƙwasa ƙananan yatsu huɗu a tura su ƙarƙashin tafin ƙafa, a bar babban yatsa shi kaɗai. A ɗauko ƙyalle mai tsawon kusan mita 3 a naɗe tamau, ana jan gaban ƙafar zuwa dunduniya har tsakiyar ta karye ta yi tozo. Kuma ba a barinta ta kwanta, sai an sa ta ta taka, don nauyin jikinta ya ƙarasa aikin. Bayan 'yan kwanaki a kwance ƙyallen, a wanke, a sake ɗaurewa fiye da na da. Haka har shekara biyu ko fiye.

A wajenmu masu aikin asibiti abin tsoron shi ne jini ba ya zagayawa. Farce ya shige cikin nama, ya yi mugunya, wani yatsan ya ruɓe ya faɗi. Akwai yaran da cutar ta shiga jininsu suka mutu. Su kansu Sinawan suna da karin magana a kai, cewa ƙananan ƙafafu biyu, randa guda ta hawaye.

Zainab A.:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti Rabi na kasa ƙarasa karantawa sai da na ajiye wayar. Duk don me? Don namiji ya ga ƙaramar ƙafa ya ji daɗi! Duk inda ka tono wahalar mace a duniyar nan sai ka tarar da son zuciyar namiji a ƙasanta.

Alhaji Ɗanladi:
Zainab a riƙa yi mana adalci. Ke da kanki kin ji, uwa ce da kaka suke ɗaurewa. Namiji yana ɗakin? Kuma ni shekarata goma sha huɗu ina zuwa Guangzhou saro kaya, ban taɓa ganin mace ɗaya mai irin ƙafar nan ba. Matan can su suke riƙe da shaguna, da gudu suke tafiya ma. Ina jin abin 'yan tsiraru ne a gidan sarauta, aka kambama shi.

Malam Habibu:
Alhaji, ba za ka gani ba, don an daina tun kafin a haife mu, kuma ma yankin da kake zuwa talakawansa ba su riƙe al'adar kamar mutanen arewa ba. Amma maganar 'yan tsiraru, a'a. A ƙarni na 19 ana ƙiyasta kusan rabin matan ƙasar Sin ƙafarsu a ɗaure take, a gidajen manya na Han, ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar, kuwa kusan kowace mace.

A fada abin ya fara, nan kam ka yi gaskiya. Labarin da suke bayarwa, wanda ya fi kama da tatsuniya, shi ne na wani sarki Li Yu a ƙarni na 10, da ya sa wata mai rawa Yao Niang ta naɗe ƙafarta da farin ƙyalle ta yi rawa a kan wani dandamali na zinariya mai siffar furen bado. Shaidar da ake iya taɓawa da hannu ta zo daga baya, zamanin daular Song: an tono kabarin wata matashiya Huang Sheng da ta rasu a 1243 a Fuzhou, aka samu ƙafarta a naɗe, takalmanta santimita 13 zuwa 14. Daga gidajen manya abin ya yi ta gangarowa har ƙauye. Suka raba ƙafa daraja-daraja: mai inci uku na awonsu, wato kusan santimita 10, ita ce "badon zinariya", mai huɗu ta azurfa, wadda ta wuce haka ta ƙarfe.

Zainab kuma ba ta faɗi ƙarya ba. Mazan sun yi waƙoƙi suna yabon ƙafar, a garin Datong har gasar ƙafa ake yi.

Alhaji Ɗanladi:
To na ji, Malam. Amma har yanzu hannun da ya ja ƙyallen na mace ne.

Hajiya Kulu:
Ɗanladi, bari in yi maka magana ta tsofaffi. Hannun uwa ne, gaskiya. Amma ka tambayi kanka me take gani a gabanta. Mace a wancan zamani ba ta da gona, ba ta da gado, ba ta da inda za ta sa kanta in ba gidan miji ba. In ta bar ƙafar 'yarta, ta san inda za ta ƙare: ko baiwa a gidan wani, ko matar wanda ba shi da abin ciyar da ita. In ta ɗaure, yarinya za ta yi kukan shekara biyu amma ta samu ɗaki. Ni na haifi mata biyar, na san abin da uwa take ji in 'yarta ta kai munzali babu mai sallama. Ban ce ta yi daidai ba. Amma ba zan iya ce mata muguwa ba, don na tabbata tana ɗaurewa tana kuka.

Aliyu (Kunming):
Hajiya kamar kina wurin. Abin da aka rubuta a gidan tarihin ke nan. Mai dalilin aure takalmin yarinya take ɗauka ta kai gidan saurayi, uwar miji ta juya shi a hannu. Ƙanƙantarsa ta nuna mata yarinyar tana da juriya kuma an yi mata tarbiyya, kyan ɗinkin ya nuna ta iya aikin hannu, don mace ita take ɗinka takalmanta da kanta. Wani lokaci an gama maganar aure mijin bai ga fuskarta ba. Har rana suke da ita ta farawa, 24 ga watan takwas na kalandarsu, uwa ta yi 'yan dunƙulen shinkafa mai danƙo ta kai wa abin bautarsu tana roƙon ƙashin 'yarta ya yi laushi kamarsu.

Maman Ilham:
Wato uwar miji ce mai duba takalmin. Ita ma an karya tata.

Zainab A.:
Shi ya sa nake cewa tushen maza ne. Wa ya tsara cewa mace ba ta da gado? Wa ya ce sai da aure za ta ci abinci? Hajiya ki gafarce ni, amma in muka ce kowa ba shi da laifi, to yarinyar da yatsanta ya ruɓe wa za ta kama?

Hajiya Kulu:
Ban ce babu mai laifi ba 'yata. Na ce kada a ɗora wa uwar ita kaɗai.

Malam Habibu:
Akwai wata fuska da ba a taɓo ba, kuma Hajiya za ta fi mu gane ta. Wasu masu bincike mata biyu, Laurel Bossen da Hill Gates, sun zagaya ƙauyukan Sin sun yi hira da tsofaffin mata kusan 1,800, suka fitar da sakamakon a 2017. Abin da suka gano, a ƙauye ɗaure ƙafa yana tafiya ne da aikin hannu: kaɗi, saƙa, ɗinkin takalmi, saƙar tabarma. Gidan manomi yana rayuwa da zaren da 'yan mata suke kaɗawa. Yarinyar da ƙafarta take a ɗaure ba ta zuwa ko'ina, tana zaune daga safe har dare tana aiki. Kuma suka lura, duk inda jirgin ƙasa ya kawo zaren inji da yadin masaƙa mai araha, kaɗin gida ya daina kawo kuɗi, nan ne ɗaure ƙafa yake fara mutuwa. Ƙauyukan da suke lungu, kamar na Yunnan inda Aliyu yake, su suka fi daɗewa suna yi.

Hajiya Kulu:
Allahu Akbar. Wannan kam na gane shi sarai. Na tashi na tarar da kakata tana kaɗi, ita ta koya mini gurza da shiɓa tun ina shekara bakwai. Wallahi babu abin da ya fi wa yarinya wuya irin ta zauna da mazari alhali tana jiyo 'yan'uwanta suna gaɗa a waje. Da ta juya baya na gudu. Sai ta aika a kamo ni. To ka ga wadda ba ta da ƙafar gudu. Subhanallah, ashe har da neman abin tuwo a ciki.

Alhaji Ɗanladi:
Wannan bayanin ya fi shiga kaina. In akwai kuɗi a cikin abu, to uban gidan ya sani, ko bai shiga ɗakin ba. Na janye rabin maganata, Zainab.

Ustaz Nura:
Alhamdu lillahi da ni'imar Musulunci. Wannan shi ne canza halittar Allah da aka ambata a Suratun Nisa'i aya ta 119, inda Shaiɗan ya yi alkawarin zai umarci mutane su canza halitta. Allah Ya ce Ya halicci mutum a mafi kyawun tsayuwa. Mutanen da ba su da hasken wahayi, abin da za su faɗa ke nan.

Malam Habibu:
Ustaz, hukuncin da ka faɗa haka yake, babu ja. Sai dai akwai abin da ya kamata mu sani ko da ba daɗi. Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui, musamman na lardin Gansu, su ma sun ɗaure ƙafar 'ya'yansu, har cikin ƙarni na 20. Suna salla suna azumi. Akwai malamansu da suka yi inkari, har wani Bature masanin harshen Sin, James Legge, ya ba da labarin ya ga sanarwa a wani masallaci tana hana abin saboda saɓa wa halittar Allah ne. Amma al'adar maƙwabta ta fi ƙarfin wa'azin a gidaje da yawa.

Waɗanda ba su yi ba kuma ba addini ne ya hana su ba. Matan Hakka ba sa ɗaurewa, su suke noma da dako. Matan Manchu, ƙabilar da ta ci ƙasar a 1644, an hana su, sai suka ƙirƙiro takalmi mai tudu a tsakiya don tafiyarsu ta yi kama da ta masu ƙafar bado.

Ustaz Nura:
La haula wa la ƙuwwata illa billah. Ban san wannan ba Malam, Allah Ya saka da alheri. Ya ƙara mini tsoro. Ashe mutum zai iya karanta ayar da safe ya saɓa mata da yamma bai ma ji ya yi wani abu ba, don kowa a unguwa haka yake yi.

Sista Rabi:
Ustaz ka taɓo inda yake mini ciwo. Laifi tudu ne. Ni a wurin aikina ina ganin 'yan mata da man bilicin ya cinye musu fata, ciwo ya ƙi warkewa, ɗinki ya ƙi kamawa. Ka tambaya, wata uwarta ce ta sayo mata, wai kada ta rasa miji. Ina ganin matan da aka yi wa yankan gishiri suka dawo da yoyon fitsari. Ba baƙo ne ya kai su wurin wanzami ba.

Bashir K.:
Haba Sista, kada a haɗa. Shafa mai daban, karya ƙashin yarinya 'yar shekara biyar daban. Kullum sai an juyo da magana kanmu.

Sista Rabi:
Ban ce girmansu ɗaya ba Bashir. Dalilin da uwar take bayarwa ne iri ɗaya.

Malam Habibu:
Bashir, ba Sista ce ta fara haɗawa ba. Wani masani Gerry Mackie ya yi rubutu a 1996 yana kwatanta ɗaure ƙafa da kaciyar mata a Afirka, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda aka daina.

Doka ita kaɗai ta sha kaye. A zamanin Sarki Kangxi an hana, a 1668 dole aka janye dokar don babu mai bi. Abin ya ci gaba fiye da shekara ɗari biyu. A tsakiyar shekarun 1870 wani ɗan mishan John MacGowan ya tara mata kusan 60 a Xiamen suka kafa ƙungiyar yaƙi da ɗaure ƙafa. A 1883 Kang Youwei, malami ɗan ƙasa, ya kafa tasa a yankin Guangdong, kuma ya ƙi ɗaure ƙafar 'ya'yansa mata duk da surutun dangi. A 1895 wata Baturiya Alicia Little ta kafa wata a Shanghai. Akwai kuma Qiu Jin, wadda ita kanta an ɗaure mata ƙafa, ta bar gidan miji ta tafi karatu Japan, ta dawo tana kiran mata su farka, aka kashe ta a 1907 saboda yunƙurin juyin mulki.

Dabarar da ta yi aiki ita ce alkawari tsakanin gidaje. Duk wanda ya shiga ƙungiya zai ɗauki alkawari biyu: ba zai ɗaure ƙafar 'yarsa ba, kuma ba zai bar ɗansa ya auri mai ɗaurarriyar ƙafa ba. Suna rubuta sunayen yara a littafi don a san inda za a nemi aure. Kun ga an cire wa uwa tsoron da Hajiya Kulu ta faɗa. Sai dokar hani ta 1902 ta Cixi mai riƙon sarauta da ta 1912 bayan kafa jamhuriya suka zo suka tarar da ƙasa ta jiƙu. A gundumar Ding ta lardin Hebei, ƙidayar da wani mai bincike Sidney Gamble ya yi ta nuna kusan duk matan da aka haifa kafin 1890 an ɗaure musu, amma cikin waɗanda aka haifa bayan 1919 babu. Abin da ya yi kusan shekara dubu, cikin shekara talatin ya tafi a wurin.

A Senegal ma, a 1997, matan ƙauyen Malicounda Bambara taruwa suka yi suka sanar a bainar jama'a sun bar kaciya, daga baya aka bi ƙauyukan da suke auratayya da su.

Zainab A.:
Ka ga kuwa rabin alkawarin na maza ne. Da suka ce ba za su aura ba, ai an daina. Da tun farko sun faɗa.

Alhaji Ɗanladi:
Wannan kam ba ni da amsarsa.

Aliyu (Kunming):
Akwai waɗanda ba a ambata ba, su ne suka fi ba ni tausayi: waɗanda aka riga aka ɗaure wa kafin kiɗan ya canza. Wata malamarmu a nan, ta haura hamsin, ta ba ni labarin kakarta da ta rene ta a ƙauye. An karya mata ƙafa tana ƙarama don a ce ta yi kyau, tana girma aka ce abin kunya ne, alamar ci baya. A wasu larduna, kamar Shanxi zamanin gwamna Yan Xishan, har ma'aikata ake turawa gida-gida suna duba ƙafar mata suna cin tara. Matar da mijinta ma ba ya ganin ƙafarta tsirara, a ce ta kwance ƙyallen a gaban baƙi. Kuma kwancewar wata azaba ce, don ƙashin ya riga ya karye, in babu ƙyallen ba ta iya tsayuwa. Wasu mazan da suka yi boko suka saki irin waɗannan matan suka auri 'yan makaranta.

Malamar ta ce kakarta a kan dunduniya take tafiya, tana dafa bango. Lokacin da aka fitar da kowa gona bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki a 1949, a kan gwiwa take cire ciyawa, ta ɗaura tsumma a gwiwoyin. Da daddare sai kowa ya kwanta take rufe ƙofa ta ɗora ƙafar a ruwan ɗumi, ta yanke kantar ƙafar da ɗan almakashi. Malamar ta ce ta kwana ɗaki ɗaya da ita shekara goma sha biyu, sau ɗaya tak ta ga ƙafar, shi ma leƙe ta yi.

Sista Rabi:
Har tsufa abin yake bin su. Wani bincike da aka yi a Beijing aka buga a 1997 ya samu kashi 38 cikin ɗari na matan da suka kai shekara 80 suna da nakasar ɗaurin ƙafa. Sun fi sauran yawan faɗuwa, tashi daga kujera yana ba su wuya, tsuguno ma haka, kuma ƙashin ƙugunsu ya fi rauni. Ku tuna irin ban-ɗakinsu na tsuguno ne.

Aliyu (Kunming):
Haka ne Anti. Masana'antar ƙarshe da take yi musu takalmi, a Harbin, sai 1999 ta daina. Nan Yunnan akwai ƙauyen Liuyi da ya yi suna saboda tsofaffin da suka rage, yanzu kusan duk sun tafi.

Maman Ilham:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Jiya da na yi tambayar haushin uwar nake ji. Yanzu ban san inda zan ajiye haushin ba, ga shi nan dai a ƙirjina. Aliyu don Allah ka tambayar mini malamar taku abu ɗaya in ba za ta ji nauyi ba: kakar tata ta yafe wa mahaifiyarta?

Hajiya Kulu:
Ni ma ita nake son ji.

Aliyu (Kunming):
Yaya, Hajiya, ku yi haƙuri sai yau na same ta. Ta yi shiru da na tambaya, har na yi da-na-sani. Sannan ta ce ba ta taɓa jin kakarta ta ambaci mahaifiyarta da mummunar kalma ba, kuma ba ta taɓa jin ta ce ta yafe ba. Abin da ta sani biyu ne. Da kakar ta haifi 'ya mace, uwar mijinta ta kawo ƙyalle, ta karɓa ta ɓoye, aka yi wata guda ba sa magana, amma ba a taɓa ƙafar yarinyar ba. Na biyu, takalmin farko da mahaifiyarta ta ɗinka mata, wanda aka sa mata ranar da aka fara ɗaurin, ta ajiye shi a ƙasan akwatinta har ta rasu. Yanzu yana wurin malamar, cikin gwangwanin biskit. Ta ce za ta kawo mini ranar Litinin in gani.

Maman Ilham:
In ta kawo, ka nemi izininta ka ɗora shi a tafin hannunka ka ɗauko mini hoto. Ka ce ina gaishe ta.